Megagamma: motar da Fiat ta ƙi ƙerawa a 1978, da Sharon ɗin da ke lodi a tasha

Injiniya Sagir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga hoto nan na saka. Kafin kowa ya yi dariya, wannan gajeriyar motar mai dogon rufi sunanta Lancia Megagamma. An nuna ta a baje kolin motoci na birnin Turin, ƙasar Italiya, a 1978. Guda ɗaya aka yi don nuni, ba a taɓa sayar da ita ba, domin Fiat, wadda ta mallaki Lancia tun 1969, ta ce ba za ta zuba kuɗi a kanta ba. Ni kuma ra'ayina shi ne duk wanda ya taɓa shiga Sharon ko Sienna, ya zauna a cikin tunanin wanda ya zana wannan motar. Mutumin shi ne Giorgetto Giugiaro na kamfanin Italdesign, wanda ya zana Golf ta farko a 1974.

Garba Direba: Wa alaikumus salam. Injiniya, gaskiya motar nan ba ta da kyan gani. Ni ma da ni ne Fiat, haƙuri zan ba shi.

Injiniya Sagir: Malam Garba, ai a lokacin ma haka 'yan jarida da yawa suka ce. Amma ka duba abin da ya yi. Ya ɗauki ƙasan Lancia Gamma da injinta mai lita 2.5, wanda tayoyin gaba ne ke ja. Sai ya rage tsawon motar da kusan santimita 30, ya ɗaga rufinta da sama da santimita 20, ya shimfiɗe daɓen ciki, ya ɗaga kujeru. A shekarun 1960 da 1970 gasar masu zane ita ce wa zai fi kwantar da mota ƙasa. Idan kujera tana ƙasa, dole fasinja ya miƙe ƙafa gaba, dole motar ta yi tsawo kafin mutum biyar su sake. Idan ka ɗaga kujerar, gwiwa ta lanƙwashe, ƙafa ta sauka ƙasa, sai wurin da kowane mutum yake ci ta tsawo ya ragu. Lissafin mai ƙaramin fili ne a cikin birni: tunda ba halin faɗaɗawa, sai a yi bene. Kuma ba a nan ya fara ba. A 1976 ya zana wata tasi a kan Alfa Romeo don gidan adana fasahar zamani na birnin New York, ita ma doguwa ce ta sama, gajera ta tsawo. Megagamma ce ta kawo tunanin cikin motar gida.

Malam Nura: Injiniya, da girmamawa, ina ga an ɗora wa motar nan rawanin da ya fi kanta. Fiat ɗin da kake cewa ta ƙi, ita ce ta fitar da 600 Multipla a 1956, ƙaramar mota mai ɗaukar mutum shida, har tasi aka yi da ita a Italiya. Volkswagen ta fara Kombi tun 1950. To me Giugiaro ya ƙirƙira?

Oga Bala Bakanike: Malam, bari in shigo nan, domin wannan ɓangarenmu ne. Kombi da Multipla duk injinsu a baya yake, direba kuma yana zaune ne a kan tayar gaba, babu komai tsakaninsa da abin da zai daka sai fallen ƙarfe. Tuƙinsu tuƙin bas ne. Abin da Injiniya yake nunawa daban ne: inji a gaba, gaba ke ja, ba farfela da ta bi ta ƙarƙashi zuwa baya, shi ya sa daɓen zai iya kwanciya sumul ba tudu a tsakiya. Direba yana bayan tayar gaba kamar a kowace ƙaramar mota. Wato jikin mai faɗi ne, tuƙin na ƙaramar mota.

Sai dai ni inda nake ba Fiat gaskiya shi ne injin. Injin Gamma ɗin nan ya yi ƙaurin suna. Famfon sitiyari a jikin bel ɗin tayimin aka rataya shi. Ka tayar da mota da sanyin safiya, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, bel ya tsallake haƙori, bawul su gamu da fistin. Wanda ya san aikinmu ya san ranar ba a cin abinci da daɗi. Da a kan wannan injin aka fitar da Megagamma, da sunan motar ya ɓaci, ya ɓata sunan tunanin ma.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Madalla da Bala. Ku masu zane da masu littafi, abin da ba ku sakawa a lissafi shi ne wa zai biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fiat a ƙarshen shekarun 1970 tana cikin yajin aiki ba ƙaƙƙautawa, 'yan bindigar Red Brigades suna harbin manajojinta a Turin. A 1980 an yi yajin aikin kwana 35 a masana'antunta. A wannan shekarar kuma Lancia ta sha kunya a Ingila saboda tsatsar da ke cin ƙasan motarta Beta, har sai da ta riƙa sayen motocinta daga hannun mutane. A cikin wannan halin ne wani zai zo da motar da ba a taɓa ganin irinta a kasuwa ba, ya ce a gina mata layin ƙira? Ko ni a filina ba na ajiye motar da sai na yi wa mai saye bayanin mece ce.

Injiniya Sagir: Alhaji, ranka ya daɗe, ai Jafanawa ba su jira an yi musu bayani ba. Nissan ta fitar da Prairie a 1982, ka ajiye hotonta kusa da Megagamma ka gani. Har ta ƙara da ƙofofin zugewa a gefe biyu, ta cire ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Mitsubishi ta biyo da Chariot a 1983, wadda aka sayar a Turai da sunan Space Wagon. Kasuwar tana nan, mai ƙarfin hali ake jira.

Oga Bala Bakanike: Cire ginshiƙin nan kuwa sai da ya jawo wa Prairie magana, bodin yana murɗawa a hanya mara kyau. Da ta daɗe a titunanmu da ƙofofin sun daina rufuwa.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, ban ga an taɓo na Faransa ba, alhali labarin can ya fi kusa da mu, tunda Fijo ce a ciki. Akwai kamfanin Matra, masu ƙera makamai da motocin tsere, su ne suka ci tseren motoci na Le Mans sau uku a jere, 1972 zuwa 1974. Suna da 'yar masana'antar motoci a garin Romorantin, suna aiki da kamfanin motoci na Simca, wadda ke ƙarƙashin reshen Chrysler na Turai. Tunanin motar iyali mai ɗaki ɗaya ya taso ne daga wani mai zane Bature, Fergus Pollock, a ofishin Chrysler na Ingila, su kuma Matra, ƙarƙashin Philippe Guédon da mai zanensu Antonis Volanis, suka gina samfuri. A 1978 Peugeot ta saye Chrysler ta Turai gaba ɗaya. Da Matra ta kai mata samfurin, sai ta ce ya yi tsada, kuma kasada ce. Matra ta naɗe kayanta ta tafi Renault, shugabanta Bernard Hanon ya karɓa. Ita ce Espace, ta fito a watan Yuli na 1984.

Garba Direba: Fijo da kanta? Tamu ta Kaduna?

Issoufou Maraɗi: Uwar kamfanin dai, ta Faransa. Kuma Alhaji zai ji daɗin wannan: a watan farko Espace guda 9 kacal aka sayar.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Tara! To ka ji. Da ni ne na sa hannu a takardar, da a watan nan ban yi barci ba.

Issoufou Maraɗi: Amma daga baya ai sai da Matra ta shekara kusan 18 tana ƙera ta, har zuwa 2002, zubi uku. Dabarar da ta sa abin ya yiwu ita ce jikin motar ba ƙarfe ba ne, faiba ce aka ɗora a kan ƙashin ƙarfe da aka tsoma a sinadarin hana tsatsa. Injinan buga ƙarfen bodi suna da tsadar gaske, sai za a yi dubban ɗaruruwa suke biyan kansu. Faiba kuwa ana iya farawa da kaɗan. Wato Renault ba ta yi cacar da Fiat ta ji tsoro ba, ƙaramin kamfani ne ya ɗauki rabin nauyin.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Ka ga maganata ta fito. Kuma in kare Fijo: ta karɓi Citroën a 1976, ta ƙara da Chrysler a 1978 da duk bashinta, farkon shekarun 1980 asara take tafkawa. Ɗan abin da ya rage mata ta zuba a 205, ta fito a 1983, ita ce ta tsamo kamfanin. Ban da haka tana da 504 doguwa mai layin kujeru uku, ta mutum bakwai, sannan 505 doguwa ta mutum takwas. Mu nan wa zai gaya mana? Tun da aka fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, da doguwar aka yi ta jigila daga Kano zuwa Jos, zuwa Maiduguri, zuwa Sakkwato. Mutumin da ke da wannan a hannu, ka ce masa ya bari ya kama abin da ba a gwada ba?

Garba Direba: Allah ya jiƙan maza. Da ita na koyi tuƙi a hannun maigidana. Amma Alhaji, ka taɓa zama a layin ƙarshe na 504 daga Kano har Maiduguri? Gwiwarka a ƙirjinka take. In aka tsaya a Potiskum sai an ba mutum hannu yake fitowa. Abin da ya sa fasinja suka koma Sharon ke nan, ba don ta fi ƙarfi ba, don ba ta fi ba. Kujerar baya ma zama ake yi sosai, kai ba ya taɓa rufi. Ni ban san wani Giugiaro ba sai yau, amma in shi ya fara cewa a ɗaga kujera, to ya taimaki 'yan tasha.

Hajiya Maman Ilham: Ku ba mata wuri mu ma. Duk kuna maganar inji da bashi, ba wanda ya tambayi masu shiga da yara. Sienna nake ja. Dalilina biyu ne. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa. A ƙaramar mota sai ta faɗa cikin kujera, fitowa kuma aiki ne, a jif kuma sai an ɗaga ta. A wannan juyawa kawai take yi ta zauna, tsayin kujerar daidai da ƙugunta. Na biyu ƙofar zugewa: a bakin Islamiyya, ga babura ga 'yan adaidaita, yaro ba zai banko ƙofa cikin titi ba. Injiniya, ita Megagamma ɗin tana da irin wannan ƙofar?

Injiniya Sagir: A'a Hajiya, ƙofofinta irin na kowace mota ne, kujeru kuma layi biyu, mutum biyar. Ita ma Espace ta farko ba ta da ƙofar zugewa. Tsayin kujerar da kika ambata, shi ne ainihin abin da Giugiaro ya kawo.

Malam Nura: To nan nake jiran ka, Injiniya. Sienna da Hajiya ke ja ba jikar Italiya ba ce, jikar Amurka ce, kuma can ma akwai wanda aka kora da zanensa. A farkon shekarun 1970 Ford ta gina samfurin wata motar iyali mai suna Carousel, wadda za ta shiga garejin gida, ba kamar manyan bas ɗinsu ba. Hal Sperlich, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi Mustang, shi kuma yana ta matsawa a yi ƙarama wadda gaba ke ja. Henry Ford na biyu ya ƙi. An sallami Sperlich a 1976, ya koma Chrysler. An sallami Lee Iacocca a 1978, shi ma ya bi shi. Chrysler a lokacin tana bakin mutuwa, sai da gwamnatin Amurka ta tsaya mata lamunin dala biliyan 1.5. Da suka samu ƙasan mota mai jan gaba, suka ɗora tsohon tunanin a kai: Dodge Caravan da Plymouth Voyager, na farko ya fito daga masana'antar Windsor a Kanada a watan Nuwamba na 1983. A shekarar farko sun sayar da sama da 200,000. Toyota ta gwada Previa a 1990 mai inji a ƙarƙashin kujera, Amurkawa ba su rungume ta sosai ba, sai ta yi Sienna a 1997 a kan ƙasan Camry, a jihar Kentucky, bisa tsarin Chrysler. Ina Megagamma a wannan silsilar? Sperlich ya riga ta.

Abin da nake gani shi ne lokaci ne ya yi. Man fetur ya yi tsada bayan 1973, jan gaba ya yaɗu, iyalai suna son wuri ba sa son shan mai. Mutum uku a ƙasa uku suka hango abu ɗaya.

Injiniya Sagir: Na Amurka hanyarsa daban, wannan haka yake. Amma Malam, akwai bambanci tsakanin abin da aka kulle a ɗakin zane da abin da aka ajiye a gaban duniya. Carousel ba wanda ya gan ta a waje a lokacin. Samfurin Matra ma a ɓoye yake. Megagamma kuwa a dandalin Turin aka ajiye ta, mujallun motoci suka buga hotonta, duk mai zane daga Tokyo har Paris ya gani. Aikin motar nuni ke nan. Idan ƙaramin mai zane ya je gaban manaja da mota mai dogon rufi, yanzu yana da abin nunawa: ga wanda ya zana Golf ma ya yi.

Kuma ga abin da ya fi ba ni mamaki. Fiat ta ƙi motar, amma ta sayi tunanin. Giugiaro ɗin ne ya zana mata Panda a 1980, da Uno a 1983. Ka dubi Uno: gajera, rufi a sama, kujeru a miƙe, ciki ya fi abin da ido ke zato daga waje. Ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1984, ta doke 205 ɗin Alhaji da ƙyar, aka ƙera miliyoyi, a Brazil ma har 2013 ana yin ta. Wato a ƙaramar mota mai araha sun yarda da lissafin, a babba mai tsada ne suka ji tsoro.

Alhaji Ɗanladi Dillali: To ai wannan hankali ne, ba tsoro ba. Sun ɗauki abin da zai sayu sun bar wanda ba zai sayu ba.

Issoufou Maraɗi: Alhaji, sai dai sun dawo sun biya kuɗin jinkiri. A 1994 Peugeot da Fiat, su biyun da suka ƙi, suka haɗa jari a wata masana'anta kusa da Valenciennes, suka fitar da mota ɗaya da suna huɗu: Peugeot 806, Citroën Evasion, Fiat Ulysse da Lancia Zeta. Shekara goma Renault tana cin kasuwar. Ford ma da ta ƙi, ta haɗa kai da Volkswagen a Palmela ta ƙasar Portugal, a 1995 suka fitar da Galaxy da Sharan, ita ce Sharon ɗin Malam Garba.

Garba Direba: Shi ya sa kayan Galaxy ke shiga Sharon! Oga Bala ka san wannan ba ka taɓa gaya mini dalili ba.

Oga Bala Bakanike: Ka taɓa tambaya? Kullum sauri kake, mota na kan layi. Har da Seat Alhambra, duk gida ɗaya ne. Amma in gaya maka, waɗanda suka zana ta mutum bakwai suka lissafa da 'yan jakunkuna. Ku kuna zuba mutum tara ko goma, ga buhuna a but ƙofa a ɗaure da igiya. Mota mai dogon rufi nauyinta yana sama, ka ƙara mata kaya, ka shiga kwana da gudu, ba za ta yafe maka yadda 504 ke yafewa ba. Shok ɗin baya da nake canza muku duk wata shaida ne.

Garba Direba: Oga, a bar wannan maganar a gareji. Kuɗin mai da na kamasho ba su san lissafin Bature ba.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan batu. Maganar lodi a buɗe mata nata zaren.

Malam Nura: To bari in tambayi Injiniya ta wani gefen. In tunanin ya yi nasara haka, me ya sa irin motocin suke mutuwa? An daina Dodge Grand Caravan a 2020, Sharan a 2022, Galaxy a 2023. Espace ɗin ma ta yanzu jif ce, suna kawai ya rage.

Injiniya Sagir: Siffar ce ta fita daga yayi, zaman bai fita ba. RAV4 ta 1994, Highlander, Qashqai, duk ƙasan ƙaramar mota ne, kujera a sama, rufi a sama. Highlander ma a kan ƙasan Camry aka fara ta, kamar Sienna. Abin da aka ƙara shi ne dogon hanci da manyan tayoyi don mai ita ya ji shi wani ne. Ta fuskar wuri kuwa baya aka ci: ɗauki jif da Sienna masu tsawo ɗaya, ka sa manya a layi na uku, ka ji wa zai yi ƙorafi.

Hajiya Maman Ilham: Wannan gaskiya ne. Maigidan ya so mu canza zuwa jif, na ce ya fara shiga layin baya ya zauna tukuna. Ba a sake tayar da zancen ba.

Alhaji Ɗanladi Dillali: Hajiya, ke ɗaya ce a cikin goma. Sauran taran in sun zo filina jif suke nunawa, Sienna kuwa sai mai iyali da yawa ko mai niyyar sa ta haya. Ni har yanzu ina kan bakana: wanda ya ƙi a 1978 bai yi wauta ba, wanda ya karɓa a 1984 ya yi sa'a. Issoufou, shi Matra ɗin da ya yi ƙarfin halin, ina yake yau?

Issoufou Maraɗi: Renault ta ɗauke Espace ta huɗu ta kai masana'antarta ta Sandouville, ta koma jikin ƙarfe, tunda yanzu cinikin ya kai a buga da yawa. Aka bar wa Matra wata mai ƙofa biyu, Avantime, ba ta sayu ba. A 2003 aka rufe layin Romorantin. Fiat da Lancia da Peugeot da Chrysler kuwa tun 2021 duk kamfani ɗaya ne, Stellantis.

Alhaji Ɗanladi Dillali: To Injiniya, ka ji. Waɗanda suka ƙi suna nan, wanda ya yi ya rufe.

Injiniya Sagir: Chrysler ma ai ta yi, Alhaji, kuma tana cikin waɗanda ka lissafa. Zan nemo hoton cikin Megagamma in saka bayan Isha'i, Oga Bala ya duba mana daɓen.